Gasar tanis ta tunawa da marigayi don yara masu ciwon sukari a Yamai: ta ina za mu fara?

Sakataren Kulob, Yantala:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kulob ɗinmu na tanis yana son shirya gasa don tunawa da wani yaro da ke koyon wasa a wurinmu, wanda ciwon sukari ya yi ajalinsa bara. Allah ya jiƙansa. Iyayensa sun amince, da sharaɗin duk abin da aka tara ya tafi ga binciken ciwon sukarin yara.

Abin da ke hannunmu shi ne fili biyu na siminti, babu fitilun dare, da kwana biyu, Asabar da Lahadi. Masu wasan duk ƴan sha'awa ne, ma'aikata da ɗalibai da ƴan kasuwa, maza da mata. Wane lokaci na shekara ya fi dacewa? Mutum nawa fili biyu za su ɗauka? Yaya za a tsara kuɗi don kada hidima ta cinye sadaka? Yara masu ciwon za su iya shiga fili? Wadda ta fi damun kwamiti kuwa ita ce: ɗan abin da za mu tara, wane bincike zai iya yi a nan Nijar, kuma a hannun wa za a damƙa shi?

Koci, Plateau:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa, ya ba iyaye haƙuri.

Malam Sakatare, lokaci tukuna. Daga Maris zuwa Mayu kada ma ku kawo zancen, zafin Yamai yana wuce digiri 40, siminti kuma ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Yuni zuwa Satumba hadari ɗaya zai rushe muku tsari. Abin da ya rage shi ne tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu. Shawarata ku ɗauki Asabar da Lahadin da suka fi kusa da 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, domin a makon gidajen rediyo suna neman abin faɗa a kan ciwon, sanarwa za ta zo muku da sauƙi. Disamba da Janairu sun fi sanyi, sai dai ƙurar hunturu ta fi yawa, tana kwanciya a kan siminti, takalmi ya riƙa zamewa.

Tunda babu fitila, awoyinku ƙidayayyu ne. Da safe daga ƙarfe 7 zuwa 11. Da yamma daga bayan la'asar, misalin 4 da kwata, zuwa 6 da kwata, gab da magariba. Awa 6 ke nan a kowane fili a rana. Fili biyu, kwana biyu, awa 24. Duk wani tsari a kan wannan lissafi zai zauna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wasan ɗaiɗai, sili ɗaya ƙwale, cikakken set uku (set babban zagaye ne na wasa) kamar yadda ake gani a talabijin. Irin wannan karawa tsakanin ƴan sha'awa tana cin awa ɗaya da rabi. Mutum 16 suna buƙatar karawa 15, wato awa 22 da rabi, lokacinku ya ƙare a kan mutum 16 kacal, rabinsu kuma an fitar da su tun ranar Asabar. Wanda aka fitar ba ya dawowa kallo, ba ya kawo iyalinsa, akwatin taimako ba ya ganin ko dala daga gare shi.

Ku yi wasan bibbiyu. Mutum 32, biyu-biyu, tawaga 16. Ku raba su rukuni 4, kowane rukuni tawaga 4, kowa ya kara da kowa. Karawa 6 ke nan a rukuni, 24 gaba ɗaya, kuma kowane mai wasa ya tabbata zai shiga fili sau uku. Kowace karawa set ɗaya ne zuwa gem 6 (gem ƙaramin zagaye ne cikin set), idan an yi 5 da 5 a yi tai-birek, wato wasan raba gardama, zuwa maki 7. Idan an kai 40 da 40 a cikin gem maki ɗaya ne ya raba gardama, masu karɓar sabis, wato bugun farko, su zaɓi gefen da za a bugo; idan tawagar mace da namiji ce, mace ta bugo wa mace, namiji ga namiji. Ɗumama jiki minti 5, ba ƙari. Da wannan ƙa'ida minti 40 sun ishi karawa, har da shiga da fita.

Asabar kowane fili zai ɗauki karawa 6 da safe, 3 da yamma, 18 ke nan a fili biyu. Lahadi daga 7 zuwa 9 a gama 6 da suka rage. Na ɗaya a kowane rukuni ya wuce, a yi wasannin kusa da na ƙarshe tare a fili biyu daga 9 zuwa 10, wannan karon set biyu gajeru zuwa gem 4, idan an yi ɗaya da ɗaya a raba da tai-birek na maki 10. Awar da ta rage kafin 11 ku bar ta fanko, ita za ta shanye jinkiri, domin jinkiri zai zo. Bayan la'asar minti 45 na yara, sannan wasan ƙarshe ƙarfe 5.

Tun kafin ranar ku rubuta yadda za a raba waɗanda suka yi kunnen doki a rukuni: yawan nasara, sannan wanda ya ci a karawarsu, sannan bambancin gem ɗin da aka ci da wanda aka rasa. Ku rubuta kuma cewa wanda ya makara minti 10 ya rasa karawar. A manna takardar a bakin fili. Rigimar da ke ɓata irin wannan gasa daga nan take fitowa, kuma taron tunawa da mamaci bai dace da hayaniya ba. Wajen rabon rukuni, ku ware tawagogi huɗu mafi ƙarfi, ɗaya a kowane rukuni, sauran a yi ƙuri'a a gaban kowa.

Kayan aiki. Ƙwallo gwangwani 18 masu huɗu-huɗu, katon guda ke nan mai ƙwallo 72: gwangwani ɗaya ga karawa biyu a rukuni ya ba da 12, sabo ga kowace daga cikin karawa uku na ƙarshe, 3 kuma ajiya. Siminti mai ƙura yana aske gashin ƙwallo da wuri, sai ta riƙa tashi ba a iya sarrafa ta. Kada a buɗe gwangwani sai za a yi wasa da shi, kada kuma a bar katon cikin mota a rana. Raga a auna ta da mita kowace safiya: santimita 91.4 a tsakiya, mita 1.07 a bakin sanda. Idan babu maɗaurin tsakiya za ta riƙa hawa da sauka, a nemo shi. A share fili kafin 7 da kafin la'asar. A ajiye raket biyu ko uku na aro, don zare zai tsinke wa wani. Ruwa kuma ku lissafa lita 3 ga kowane mai wasa a rana, kusan lita 100 ke nan, ledar piyawata 200 mai rabin lita, ban da na ƴan kallo. Rumfa da tabarmi da buta don sallah, a gefe ɗaya na mata.

Yara kada a ba su ƙwallon manya. Akwai ja, wadda ta fi laushi da jinkiri, ana wasa da ita a fili mai tsawon mita 11, wato a faɗin babban fili, sai a sami ƙananan filaye da yawa cikin guda. Ku sanar da hukumar tanis ta ƙasa da wuri, a rubuce, ku nemi alƙalin wasa ɗaya da zai riƙe takardar sakamako, shi ne mai yanke magana.

Likitar Yara, Lamorde:

Allah ya sa ya huta. Malam Sakatare, amsar tambayarka ta huɗu ita ce e, za su iya, kuma ya kamata su shiga. Alexander Zverev na Jamus, wanda ya ci zinare a tanis a wasannin Olamfik na Tokiyo, yana da wannan ciwo tun yana ƙaramin yaro, a 2022 ya bayyana haka a fili. Ku faɗa wa iyaye wannan, don da yawa suna hana yaro ko gudu.

Amma kwamiti ya fara fahimtar ciwon, saboda abin da za a faɗa a lasifika. Na yara galibi nau'i na ɗaya ne. Garkuwar jiki ce take lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, a pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Ba shan zaƙi ya kawo shi ba, ba sakacin uwa ba ne, ba sammu ba ne, ba ya yaɗuwa. Ba a maganinsa da ƙwaya ko sassaƙe ko hana abinci, allurar insulin ce kullum har ƙarshen rayuwa. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921 babu yaron da ke daɗewa da shi. Kada wani mai jawabi ya tashi ya ce a rage shan sukari don kare yara daga wannan nau'i, magana ce da ke ɗora wa iyayen mamaci laifin da ba nasu ba.

Kowane yaro mai ciwon ya zo da babba daga gida, da na'urar awonsa, da insulin ɗinsa, kuma likitansa ya riga ya faɗa masa yadda zai rage allura a ranar. Wannan ba aikin koci ba ne, ba na kwamiti ba. A auna kafin shiga fili. Na'urorinmu wasu suna nuna giram a lita, wasu miligiram, 0.70 da 70 abu ɗaya ne. Tsakanin 1.26 da 1.80 shi ne mafi kyau a fara wasa. Ƙasa da 0.90, ya ci abu mai sukari giram 10 zuwa 20, a jira, a sake aunawa. Sama da 2.50, a duba keton, wata guba da ke taruwa a jiki, a fitsari ko a jini; idan ya nuna, yaro ba ya wasa sai likita ya duba shi, domin alama ce jiki ba shi da isasshen insulin, gudu kuma zai ƙara dagula abin. A sake aunawa bayan kowane minti 30 na wasa da kuma bayan an gama. A wanke hannu a bushe kafin a huda yatsa. Yatsan da ya taɓa lemo ko dabino yana ba da lamba mai yawa ta ƙarya, a ɗauka yaro lafiya lau alhali sukarinsa yana ƙasa.

Faɗuwar sukari ita ce abin tsoro a fili. Alamunta rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa, fari-farin fuska, fushi ba dalili, ko yaro ya riƙa kuskuren ƙwallon da ya saba bugawa. Matsalar ita ce zafi da gajiya ma suna kawo irin waɗannan alamu, don haka kada a yi ta ƙiyasi, a zaunar da shi a auna. Ƙasa da 0.70, a ba shi sukari giram 0.3 a kowane kilo na nauyinsa: yaro mai kilo 30 ƙwayar sukarin kwali biyu, mai kilo 50 uku, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi. Ba ƙosai ba, ba fanke ba, ba cakulan ba, mai yana jinkirta shigar sukari cikin jini. Bayan minti 15 a sake aunawa, idan bai hau ba a maimaita, idan ya hau a bi shi da burodi. Idan ya suma ko ya fara fizge-fizge, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A nan aikin ma'aikacin jinya ne, allurar gulukagon mai ɗaga sukari idan akwai, ko ruwan gulukos ta jijiya. Saboda haka ma'aikacin jinya ɗaya ya zauna a wurin daga farko har ƙarshe, da mota ɗaya wadda ba a tare mata hanya ba, direba yana kusa, an riga an san likitar da za a nufa.

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne dare. Tsoka tana ci gaba da janye sukari awoyi da yawa bayan wasa, sai ya faɗi yaro yana barci. A rubuta musu a takarda su tafi da ita: a auna kafin kwanciya, a ba shi ɗan abinci, a tashi tsakar dare a sake aunawa. Allurar ranar kuma a yi ta a fatar ciki, ba a cinya ko hannun da ke riƙe raket ba, don gaɓar da ke aiki tana zuƙe insulin da sauri.

Insulin a ajiye shi a kula mai sanyi, a naɗe cikin tsumma, kada ya taɓa ƙanƙara. Wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. Na'ura da bandelet, ƴan tsinkayen da ake ɗiga wa jini don awo, su zauna a inuwa, a rufe kwalbarsu nan take bayan an ciri ɗaya.

Abu biyu zan roƙa. Kada a jera yaran a gaban jama'a a ce ga marasa lafiya, kada a ɗauki hotonsu a sa a Facebook ba da yardar iyaye da ta yaron ba. Yarinya musamman, maganar tana bin ta har lokacin aure. Su yi wasa cikin sauran yara, ma'aikacin jinya kawai ya san su. Na biyu, idan za ku yi awon sukari kyauta, ku yi wa manya, kowane mutum da sabon tsinken huda, da akwatin zuba waɗanda aka yi amfani da su. Huda yatsan yara masu lafiya ba ya gano wanda zai kamu da nau'i na ɗaya, domin ciwon yana bayyana ne cikin makonni kaɗan. Abin da ke ceton rai shi ne jama'a su san alamu: yawan ƙishirwa, yawan fitsari har yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, rama duk da cin abinci, da kasala.

Ma'aji Mai Ritaya, Wadata:

Allah ya ba da lada. Ɗana Sakatare, kuɗin shiga ba shi ne kuɗin gasa ba. A ce kun sa jikka 5 ga kowane mutum, mutum 32 sun ba da sefa 160,000. Katon ɗin ƙwallo, ruwa, rumfa, kujeru, lasifika, kofi da riguna za su iya lashe wannan duka. Don haka ku rubuta jerin hidima, kowane abu ku nemi wanda zai ɗauke shi da kansa, kaya ba kuɗi ba: wannan ya kawo ruwa, wancan rumfa, mai farmasi ya kawo kayan agajin gaggawa. Wasiƙar neman taimako ta fita wata biyu kafin rana, ta faɗi abu ɗaya takamaimai da ake nema, kuma mutum ya bi ta da ƙafa. Riguna masu hoto su ne babban ramin da kuɗi ke faɗawa, idan babu wanda ya ɗauki nauyinsu a bar su.

Inda kuɗi yake shi ne alkawarin ƴan kallo da ƴan uwa. Da tsarin da Koci ya kawo, za a buga gem kusan 250 a kwana biyu. Wanda ya yi alkawarin dala ashirin a kan kowane gem zai ba da kusan jikka 25. Mutum 20 irinsa sun tara kusan 500,000. A rubuta sunan mai alkawari da iyakar abin da zai iya biya, a karɓa cikin mako guda, don alkawarin da ya kwana wata yakan zama bashi. Kowane mai wasa a ɗora masa kawo mutum ɗaya.

Hattara da abu biyu ta fuskar addini. Malamai da yawa suna ganin idan kyautar zakara ta fito daga kuɗin da masu gasa suka zuba, abin ya shiga caca. Kofi ko kyauta ta fito daga hannun wanda ba ya cikin gasa, kuɗin shiga kuma a rubuta a takarda cewa sadaka ce gaba ɗaya. Tambola, wato sayar da tikitin ƙuri'a don cin kyauta, a bar ta. Sannan zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a suratu Tauba ta ambata. Wanda ya kawo zakka a ware ta daban, a saya wa yaron talaka insulin da ita, kada a zuba ta a hayar rumfa ko buga takardun bincike.

Kuɗi kada su shiga asusun mutum ɗaya. Asusun ƙungiya mai takardar izini, sa hannu biyu, ɗaya daga kulob ɗaya daga dangin mamaci. Littafin rasit mai lamba. Ga masu turowa daga nesa ta NITA ko Amana ko Airtel Money, lamba ɗaya tak da aka ware wa gasar, kuma a cire kuɗin aikawa a lissafi don kada adadi ya saɓa. Akwati a buɗe shi kowace yamma a gaban mutum uku, a ƙirga, a sa hannu. Cikin mako biyu a fitar da takarda guda: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage.

Ra'ayina kuwa, ban ga amfanin sa ɗan wannan kuɗi a bincike ba alhali akwai yaran da ke tsallake allura saboda rashi. A saya musu magani.

Sakataren Kulob, Yantala:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Ma'aji, maganarka ta ƙarshe ita ce ta raba kan kwamitinmu. Iyaye bincike suka ce, kuma ba ma son saɓa musu. Ko akwai hanyar haɗa biyun?

Malamin Jami'a, Harobanda:

Akwai, Malam Sakatare, idan an fahimci irin binciken da ake nufi. Neman maganin warkewa aiki ne na manyan ɗakunan gwaji da biliyoyi, kuɗinku ba zai motsa shi ba. Amma tambayoyin da ke kashe yaranmu ƙanana ne, kuma a nan ake amsa su: yara nawa aka gano, a wane hali suka iso likita, nawa suka daina zuwa, me ya hana su.

Baba Ma'aji, da girmamawa, magani yana isa ne ga yaron da aka gano. Da yawa suna zuwa da amai, ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko ciwon huhu, ba a huda yatsa ba, su rasu babu wanda ya rubuta sunan ciwon. A Mali an bi rajistar yara da matasa daga 2007 zuwa 2016, aka ga adadin da ake ganowa ya ninka sau da yawa bayan an faɗakar da ma'aikatan lafiya an kuma samar da insulin. A Parma ta Italiya, a shekarun 1990, an manna takardun alamun ciwon a makarantu da ɗakunan likitocin yara, yawan waɗanda ke isowa da gubar keton a jini ya sauka daga kashi 78 zuwa kashi 12.5 cikin ɗari. Shirye-shiryen duniya da ke ba da insulin ga yara, irin su Life for a Child, suna aiki ne da cibiyar da ke da rajista da lissafi. Rajista mai kyau tana iya jawo maganin da ya fi abin da gasa goma za su saya.

Aiki uku ne suka yi daidai da aljihunku. Na farko, a bi fayilolin sashen yara na manyan asibitocin Yamai na shekara biyar baya, a fitar da shekarun yaro, garinsu, halin da ya iso, da inda ya ƙare. Kuɗinsa na sufuri ne da takarda da ɗan alawus. Na biyu, a ɗauki yara ƙalilan a bi su shekara guda, a yi musu awon HbA1c duk wata uku, wanda ke nuna matsakaicin sukarin watanni biyu zuwa uku da suka wuce, a ba su bandelet da kuɗin mota. Nan ne binciken da taimakon suka haɗu. Amma ku yi lissafi kafin ku faɗi adadi: awo huɗu a rana bandelet 1,460 ne a shekara, kusan kwali 30 masu hamsin-hamsin ga yaro ɗaya. Yara 20, kwali 600. Gara yara biyar da za a riƙe har ƙarshe da ashirin da za a saki a wata na huɗu. A rubuta tun farko wa zai ci gaba da ba su idan shekara ta cika.

Na uku shi ne ajiyar insulin a gidan da ba firigo ko wuta ke yawan ɗaukewa. Wanda ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, wanda aka buɗe ana amfani da shi mako huɗu. Binciken da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Jeniba suka fitar a 2021, a kan yanayin zafin wani sansanin ƴan gudun hijira a Kenya, ya nuna insulin yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu idan zafi yana kai da kawo tsakanin digiri 25 da 37. Ɗakin kwano a Yamai ko Tawa a watan Afrilu yana wuce haka. Ƙaramar tukunya cikin babba, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu da jiƙaƙƙen tsumma a baki, tana sauke zafi sosai a busasshiyar iska irin tamu. A sa ƴar na'urar da ke rubuta zafi kowace awa cikin tukwanen gidaje goma daga Maris zuwa Yuni, za a san girman tukunyar da ta fi, da sau nawa za a zuba ruwa, da abin da ke faruwa idan damina ta kawo laima.

Ku zaɓi ɗaya. Ku je sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdou Moumouni, ku nemi malamin da ke kula da yara masu ciwon sukari, ya haɗa ku da ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatunsa a kai. Kafin ko dala ta fita, a kawo muku tsarin aikin a rubuce da kasafinsa, da amincewar kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da takardar yardar iyaye wadda za a karanta musu da Hausa ko Zabarmanci. Sunayen yara kada su fito, lamba za a ba kowa. Kuɗi a biya kashi uku: bayan amincewa, bayan an nuna rabin aikin, da bayan an miƙa rahoto mai taƙaitawa ta shafi biyu da kowa zai iya karantawa.

Likitar Yara, Lamorde:

Ƙari kaɗan ga wanda zai yi sayayya. Kwalbar insulin mai mililita 10 tana ɗauke da yunit 1,000, amma tunda mako huɗu ne ranta bayan buɗewa, ku lissafa kwalba 13 a shekara ga kowane iri, yara da yawa kuma iri biyu suke yi, mai sauri da mai jinkiri. Sirinji ya dace da kwalba: idan an rubuta U-100 a kwalba, wato yunit 100 a kowane mililita, U-100 za a gani a sirinji. Aka ja insulin U-100 da sirinjin U-40, yaro ya sami ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. Bandelet kuma kowane iri da na'urarsa, don haka a tambayi irin wadda yaran ke riƙe da ita kafin a saya, a duba ranar lalacewa a kowane kwali, har wanda aka kawo kyauta.